Daga Doron Raƙumi Zuwa Ƙaramar Bas: Tarihin Zagayen Tsibirin Lanzarote

A daren 1 ga Satumban 1730 ƙasa ta tsage kusa da ƙauyen Timanfaya, a tsibirin Lanzarote. Limamin cocin garin Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, shi ya riƙa rubuta abin da idonsa ya gane masa: dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa yana aman wuta, narkakken dutse yana malala yana lashe gonaki da gidaje, dabbobi suna faɗuwa matattu saboda gubar hayaƙi. Abin bai lafa ba sai 1736. Kafin ya tsaya ya binne kusan rubu'in tsibirin, kuma inda ya binne ɗin nan ne ƙasar noma mafi albarka. A 1824 wutar ta sake tasowa a wurare uku, ta ɗan taɓa, ta kwanta. Har yau ba ta ƙara fitowa ba, amma ba ta mutu ba.

Wannan ƙonanniyar ƙasa ita ce mutum yake biyan kuɗi yau don a ɗauke shi a ƙofar otal da sassafe, a zaga da shi, a dawo da shi da almuru. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar zagayen iri biyu: ko babbar bas mai cin mutum hamsin, ko ƙaramar mota mai ɗaukar takwas zuwa goma sha wani abu, wadda kuɗinta ya fi yawa. Wanda ke son sanin wanne zai zaɓa, zai fi gane amsar idan ya san yadda aka yi hanyar kanta ta samu, domin ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Wasu mutane 'yan ƙalilan ne suka zauna suka tsara ta, kuma a shekarun 1960 da 1970 suka yi hakan.

Lanzarote na cikin tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya, amma a gefen Afirka take, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Maroko. Tsawonta bai wuce kilomita 60 ba. Ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 200 ba, kuma lokaci lokaci hazon Sahara yakan tsallako teku ya lulluɓe ta. Bayan aman wutar, waɗanda ba su yi ƙaura ba suka gano wani abu: baƙar tsakuwar da duwatsun suka watso tana riƙe danshin raɓa, tana hana rana tsotse shi. Sai suka shiga haƙa ramuka masu faɗin baki har su tarar da tsohuwar ƙasa, su dasa itacen inabi ɗaya a gindin kowane rami, su kewaye gefe guda da gajeriyar katangar dutse don kare iska. Manomin Tawa ko Keita da ya san aikin tassa da rabin wata, in ya ga kwarin La Geria inda ramukan suke, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ramukan nan dubbai ne, kuma har gobe da hannu ake aikinsu, don babu injin da zai shiga.

Abokin wannan wahala shi ne raƙumi. Tun ƙarni na goma sha biyar aka riƙa kawo raƙuma daga gaɓar Afirka, su ne na huɗa, su ne na ɗaukar kaya, su ne na jan dutsen niƙa. Baƙon da ya zo tsibirin a ƙarni na goma sha tara, irin su Baturiya Olivia Stone da ta zaga tsibiran Kanari a shekarun 1880 ta rubuta littafi a kansu, ba shi da wani zagayen yini guda. Tafiya ce ta kwanaki a kan dabba, a kwana inda dare ya yi, a ci abin da masu gida suka samu. Mai son ganin Duwatsun Wuta na Timanfaya sai ya nemi mai raƙumi a Yaiza ko Uga ya kai shi. A can jagoran zai tona ƙasa kaɗan ya dafa masa ƙwai, ko ya cusa busasshiyar ƙaya a rami ta kama da wuta. Da a ce ƙaramin rukuni ake nema, to babu wanda ya kai wannan ƙanƙanta.

Abin da ya hana baƙi yawa ba rashin abin kallo ba ne, ƙishirwa ce. Har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin, in fari ya tsananta, jiragen ruwa ke kawo wa Arrecife, babban birnin tsibirin, ruwan sha. Matasa kuwa sai ƙetare teku suke yi zuwa Benezuwela da sauran ƙasashen Amurka ta Kudu. A tsakiyar shekarun 1960 wani injiniya ɗan tsibirin, Manuel Díaz Rijo, ya kafa masana'antar cire gishiri daga ruwan teku a Arrecife, irinta ta farko da ta shayar da gari a ƙasar Turai. Da ruwa ya samu, otal ya samu wurin zama. Otal ɗin Los Fariones ya buɗe a Puerto del Carmen a tsakiyar shekarun nan, kuma daga 1970 jiragen sama suka fara sauka kai tsaye daga ƙasashen waje.

A nan ne mutum uku suka shigo labarin. José Ramírez Cerdá shi ne shugaban majalisar tsibirin daga 1960 zuwa 1974. César Manrique abokinsa ne tun suna yara, mai zane, wanda aka haifa a Arrecife a 1919, ya zauna a Madrid da New York, ya tattaro ya dawo gida a 1966. Na ukun, Jesús Soto, shi ne wanda ba a cika ambata ba, alhali hannunsa ya fi na kowa shiga aikin. Sun ga abin da ya faru da kudancin Sifaniya da tsibirin Gran Canaria, inda benaye suka tokare bakin teku, suka yanke shawarar cewa su ba rairayi kawai za su sayar ba, ƙonanniyar ƙasar da kowa ke ƙyama za su mayar abin alfahari.

Sun fara da wani dogon kogo da narkakken dutsen La Corona ya bari a arewacin tsibirin shekaru dubbai da suka wuce, wanda ƙarshensa ya shige ƙarƙashin teku. A wani ɓangarensa mutanen tsibirin suka riƙa ɓuya idan masu farautar bayi daga Arewacin Afirka suka kawo hari, kamar harin 1618 da aka kwashi ɗaruruwan mutane zuwa Aljeriya. Soto ya saka masa fitilu ta yadda ba ka ganin waya ko ƙwan lantarki, aka buɗe shi a 1964 da sunan Cueva de los Verdes. Ɗan gaba kaɗan, inda rufin kogon ya rufta, mutane sun mayar da wurin juji. Manrique ya sa aka kwashe sharar, aka yi Jameos del Agua, da tafkinsa mai ɗauke da wasu ƙananan ƙaguwa farare, makafi, da zauren kiɗa a cikin dutse. Sai Mirador del Río a farkon shekarun 1970, wani ɗakin kallo da aka sassaƙa a jikin tsaunin Famara, sama da mita 400 daga teku, yana fuskantar ƙaramin tsibirin La Graciosa. Daga waje da ƙyar za ka gane akwai gini a wurin.

Timanfaya ce ta fi ba su aiki. Toka da ɓawon dutsen wurin ba sa jure taku. Sawun ƙafa ɗaya yakan daɗe bai goge ba, don babu ruwan saman da zai wanke shi. Mafitar da suka samo ita ce siririyar kwalta mai tsawon kimanin kilomita 14, tana lanƙwasa tsakanin bakunan duwatsun, launinta ya saje da na ƙasa, kuma ba mai sauka daga mota a kanta. A Islote de Hilario, inda zafin ƙasa ke kai ɗaruruwan digiri a zurfin 'yan mitoci, aka gina gidan abincin El Diablo a 1970, ana gasa nama a bakin wata rijiya da zafin da ke tasowa daga ƙasa. Tsohuwar dabarar masu raƙuma ta zama aikin ma'aikata: su jefa ƙaya a rami ta kama, su zuba bokitin ruwa a bututu ya yi tsartuwa sama da ƙara. A 1974 gwamnatin Sifaniya ta ayyana wurin a matsayin gandun ƙasa mai kariya. Raƙuman da injin noma ya raba da aiki suka samu sabuwar sana'a a gindin dutsen, suna hawa da baƙi biyu biyu a kujerun katako.

Duba taswira ka gani: Timanfaya da La Geria a kudu maso yamma, kogunan dutse da Mirador a can ƙuryar arewa, otal-otal a tsakiya. Duk wanda ya haɗa waɗannan wurare da zare ɗaya, ya zana zagayen yini guda ke nan. Kamfanonin da suka cika jirage da Ingilawa da Jamusawa a shekarun 1970 da 1980 ba su ƙirƙiri komai ba, bas kawai suka ɗora a kan zanen da aka riga aka yi. Ribar tana cikin yawan kujeru, don haka bas ɗin ta yi ta girma, jagora ɗaya yana maimaita bayani da harsuna biyu ko uku, ana tsayawa a gidan giyar inabi da shagon kayan tsaraba inda kamfani ke da la'ada.

Manrique ya rayu ya ga abin da ya haifa yana neman fin ƙarfinsa. Ya yi nasarar hana kafa allunan talla a bakin hanya, ya sa fararen gidaje masu koren ƙofa suka zama tambarin tsibirin, amma gine-ginen bakin teku sun ƙi tsayawa. A 1988 ya fito da kansa cikin masu zanga-zanga a gaɓar Los Pocillos yana adawa da sababbin otal-otal. A 25 ga Satumban 1992 ya rasu a haɗarin mota, kusa da tsohon gidansa na Tahíche, shi da ya daɗe yana kukan yawan motoci a tsibirin. Shekara guda bayan haka UNESCO ta sanya Lanzarote cikin yankunan da take karewa don muhallinsu. Wannan bai hana wasu ƙananan hukumomi raba takardun gini ba bisa ƙa'ida ba, har kotuna suka soke izinin otal-otal sama da ashirin daga baya. Akasarinsu suna nan suna karɓar baƙi.

Ƙaramar motar ta bunƙasa ne a zamanin jirage masu araha da intanet. Baƙo ya daina sayen zagaye daga wakilin kamfani a harabar otal, ya koma duba waya yana karanta abin da waɗanda suka riga shi suka faɗa. Ɗan gari mai mota ɗaya da takardar izinin jagora ya samu hanyar kaiwa ga mai saye ba tare da dillali ba. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa abin kasuwa, don mutane sun koyi gudun cunkoso.

To me ƙarin kuɗin yake saya? A ganina abu biyu ne, kuma duka biyun na da daraja. Na farko lokaci. Babbar bas takan ci sa'a guda ko fiye tana bin otal-otal tana kwasar mutane, kuma a kowane zango sai an jira na hamsin ya dawo daga ban ɗaki. Na biyu bakin jagora: a ƙaramar mota kana iya tambaya a ba ka amsa, a tsaya maka a gishirin Janubio ko koren tafkin El Golfo in haske ya yi kyau, a juya tsarin tafiyar idan an ji jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ya sauke dubbai a Arrecife. Abin da ba ya saya kuwa shi ne wata Timanfaya ta daban. Ƙa'idar hana sauka daga mota tana nan: ko a mota mai kujera nawa ka zo, ta bayan gilashi za ka kalli duwatsun. Wanda ya zo da motar haya ma sai ya ajiye ta a Islote de Hilario ya shiga bas ɗin gandun, sau da yawa bayan ya sha dogon layi a bakin ƙofa. Mai son taka ƙasar da ƙafarsa, hanyarsa ita ce tattakin Tremesana, wanda ma'aikatan gandun ke jagoranta kyauta ga mutane ƙalilan, amma sai an yi rajista tun da wuri.

Saboda haka tambayoyin da suka cancanta kafin a biya ba su da yawa. Mutum nawa ne iyakar abin da kamfanin ke kira ƙaramin rukuni, tunda babu dokar da ta ƙayyade, kuma wani ashirin ma ƙarami ne a wurinsa. Kuɗin shiga wuraren yana ciki ko a ƙofa za a biya. Da harshe nawa jagora zai yi magana. Musulmi kuma ya sani cewa kusan kowane zagaye yana tsayawa a La Geria don ɗanɗana giya. Ba dole ba ne a sha, kuma ramukan inabin da ke waje sun fi abin da ke cikin kwalba cancantar mintunan. Ni dai zagayen da ya yi alkawarin kudu da arewa da duk kogunan a yini ɗaya ba ya burge ni. Kogo biyu a jere bayan cin abincin rana, gajiya ce ke kallo, ba ido ba.

Akwai kuma lissafin da masu talla ba sa so a yi. Mutum hamsin da suka ƙi babbar bas suka rarrabu takwas takwas, motoci shida ko bakwai ke nan a kan siraran hanyoyin da aka gina don tsibiri mai ƙarancin jama'a. Lanzarote ba ta kai mazauna dubu ɗari biyu ba, amma tana karɓar baƙi kimanin miliyan uku a shekara. A 2023 majalisar tsibirin ta fito fili ta ce wurin ya cika ya batse, kuma a 20 ga Afrilun 2024 dubban mutane suka fito tituna a tsibiran Kanari, har da Arrecife, suna neman a sa wa yawon buɗe ido iyaka, suna kukan tsadar hayar gida da yankewar ruwan famfo a ƙauyuka.