Hayaƙin da ya bi sojoji har gida

Shekaru da dama, in zan koyar da tarihin wani yaƙi, ranaku biyu nake rubutawa a allo: ranar da ya fara da ranar da ya ƙare. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, sojojin da suka koma gida fa?" Tun daga nan nake ba ɗalibaina wannan labari.

Bayan Amurka ta shiga Afganistan a 2001 da Iraƙi a 2003, sansanonin sojojinta a manyan ramuka suke ƙone shara. Roba, tayoyi, batura, fenti, sharar asibiti, duk a tara, a zuba man jirgin sama a cinna wuta. Ramin sansanin Balad, arewa da Bagadaza, ya kai kusan hekta 4, yana ci dare da rana, sojoji suna kwana cikin hayaƙinsa.

Da yawa sun koma gida da tari da sarƙewar numfashi, wasu kuma ciwon daji ya bayyana musu bayan shekaru. Da suka nemi diyya, ma'aikatar tsofaffin sojoji ta ce kowa ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne sanadin cutarsa. Ina marar lafiya zai samo irin wannan hujja? Fiye da 7 cikin 10 na buƙatun aka yi watsi da su.

Heath Robinson, sojan jihar Ohayo da ya yi aiki a Iraƙi, ya rasu a 2020 da ciwon dajin huhu. Iyalinsa da sauran masu fafutuka ba su saki majalisa ba, har shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa ranar 10 ga Agusta 2022. Dokar ta lissafa cututtuka sama da 20. Wanda ya yi aiki a waɗannan wurare kuma ya kamu da ɗayansu, an sauke masa nauyin kawo hujja, zai samu magani da kuɗin naƙasa. Amma mutanen Iraƙi da Afganistan da suka shaƙi hayaƙin nan a ƙauyukansu, dokar ba ta shafe su ba.

Mu a nan mun san irin wannan jira. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon kakanninmu da suka yi mata yaƙi, ba a daidaita shi da na sojojin Faransawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Shi ya sa yanzu nake rubuta rana ta uku a allo, ranar da aka biya soja haƙƙinsa, in ce wa yara su ƙidaya shekarun da ke tsakani. Ƴan uwana malamai, ku gwada wannan a ajinku. Iyaye kuma, in akwai tsohon soja a danginku, ku kai yaranku su ji daga bakinsa tun yana raye.