Wa Ke Riƙe da Gadon Yaro a Maiduguri?

Fezzan na cikin tsofaffin unguwannin Yerwa, wato Maiduguri, ba nisa da fadar Shehu. Mazaunin fataken Larabawa ne da suka daɗe suna ciniki da Borno tun zamanin Kukawa, suka biyo Shehu Garbai sabon gari bayan kafuwarsa a 1907. Wato Maiduguri da attajiranta ta tashi. Sai dai uwar da ɗanta ya suma da zazzaɓi a Fezzan cikin shekarun rikicin Boko Haram, in ta sungume shi ta tare Keke Napep, sau da yawa asibitin yara na Gwange take nufa, inda Ƙungiyar Likitoci ta MSF ke magani kyauta.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana aiki tun 1983, amma 2016 ta fi ƙarfin kowa. A Yunin shekarar ma'aikatan MSF suka shiga Bama, suka ƙirga kaburbura sama da 1,200 kusa da sansanin 'yan gudun hijira, 480 na yara. Aka riƙa kwaso waɗanda tamowa ta kama zuwa Maiduguri. Daga nan MSF ta buɗe cibiyar kwantar da yara masu tamowa a unguwar Fori a 2017.

Aikin irin wannan ɗaki ba ya ɗaukar ido. Nas za ta naɗa wa yaro tsiririn ma'auni a damtse. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani. Wanda ya kasa ci, ko ƙafafunsa suka kumbura, sai a kwantar da shi, a soma da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, wani ta roba a hanci, dare da rana. Sai cikinsa ya karɓa a koma tunkuzar gyaɗar nan ta leda, Plumpy'Nut, da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma ga amfaninta ƙarara a yunwar Nijar ta 2005.

Ba a ce masu kuɗinmu sun naɗe hannu ba. A Janairun 2016 Gidauniyar Dangote da ta Bill Gates suka sa hannu kan dala miliyan 100 don yaƙi da tamowa a Najeriya, suka kuma shiga yarjejeniyar rigakafin yara da gwamnatin Borno, jihar da cutar shan-inna ta sake ɓulla a Agustan 2016. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga Gwange da Asibitin Koyarwa, Dangote da Abdul Samad Rabi'u na BUA da marigayi Aminu Dantata duk sun kawo gudummawa mai kauri.

Amma kyautar kamfani ta fi son ranar musiba da ranar yanke ƙyalle. Ɗakin yara kuwa kullum yake ci: man janareta, iskar oksijin, jini, albashin mai kwanan aiki. Wannan nauyin, abin kunya, ya fi sauka a kan ƙananan masu ba da sadaka na ƙasashen waje, waɗanda ke tara mafi yawan kuɗin MSF, da kuma gwamnatocin ƙetare. Da Amurka ta datse tallafinta a 2025, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin rufe cibiyoyin tamowa sama da 150 a arewa maso gabas, masu kula da yara fiye da 300,000.