Wanke kayan ciki da adana su: abin da ya dace da ruwa da yanayin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Kayan ciki su ne tufafin da suka fi kusa da fatar ɗan Adam: kamfai, rigar nono, shimi, fatari, singileti da gajeren wando, har da rigar barci. Su ne suka fi shan gumi, su aka fi yawan wankewa, kuma su ne suka fi saurin mutuwa. Duk da haka kunya ta sa ba a cika koyar da yadda ake kula da su ba. Budurwa takan ga akwatin lefenta cike da kayan leshi da na santsi waɗanda ba ta taɓa wanke irinsu ba, sai ta yi musu wankin atamfa, kafin wata uku roba ta saki, launi ya koɗe.

Abubuwa huɗu ne ke kashe waɗannan kaya: zafi, bilic, murɗa da danshi. Ukun farko aljihu suke cutarwa. Na huɗun kuwa jiki yake taɓawa, domin damshin tufa shi ne gidan ƙwayoyin da ke kawo ƙaiƙayi. Dabarar duka ita ce a san irin zaren da aka yi tufar da shi, sannan a daidaita wanki da shanya da ruwan gari da kuma lokacin shekara.

Sanin zare kafin wanki

Da can yawanci auduga ce kayan cikin Bahaushe, daga bante zuwa fatari, kuma auduga tana jure ruwan zafi da rana da guga. Kayan zamani ba haka suke ba. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya samar da zaren nailan a 1935, sannan a 1958 wani masanin kamfanin mai suna Joseph Shivers ya samar da zaren roba mai miƙewa wanda daga baya aka sa wa sunan kasuwa Lycra. Wannan zare yana iya miƙewa ninki biyar na tsawonsa ya koma yadda yake, kuma shi ne ke cikin ƙugun kamfai da maɗaurin rigar nono da yawancin leshin kayan ciki. Rauninsa shi ne zafi da bilic da man jiki suna cinye shi. Da zarar ya saki, ba ya komawa.

Yawancin kayan da ake sarowa daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari a Kano zuwa shagunan Kazaure da Babura gauraye ne, auduga da roba ko nailan da roba. Takardar da ke ɗinke a cikin tufar ita ke faɗin gaskiya. Alamomin da ke jikinta iri ɗaya ne a mafi yawan ƙasashe, tun bayan da aka kafa ƙungiyar GINETEX a birnin Faris na Faransa a 1963 domin daidaita su. Hoton baho na nufin wanki, lambar da ke cikinsa kuma ita ce iyakar zafin ruwa, kamar 30 ko 40. Baho da hannu a ciki na nufin wankin hannu kawai. Alama mai kusurwa uku ta bilic ce, idan an soke ta kada bilic ya taɓa tufar. Hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya na nufin zafi kaɗan, mai ɗigo uku na nufin zafi sosai.

Ruwa da sabulu

Ruwan wannan yanki ba iri ɗaya ba ne. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu da tuddai ce, Babura kuwa da ke kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar ƙasar yashi ce. Wani gida da ruwan famfo yake wanki, wani da na burtsatse ko rijiya, wani da na 'yan garuwa, a ƙauyuka kuma da damina akan ɗebo na tafki. Gwaji mafi sauƙi shi ne kumfa. Idan sabulun sanda ya ƙi yin kumfa, ya bar wani farin dauɗa a saman ruwa da gefen bokiti, ruwan yana da zartsi. Wannan dauɗar ce ke maƙalewa a cikin zare, ta sa farin kamfai ya koma ruwan toka, ya yi kaushi, ya riƙa cizon fata. A irin wannan ruwa sabulun ruwa ko garin wanki kaɗan da aka narkar sosai ya fi sabulun sanda. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta kuwa babu kamarsa wajen wankin leshi da siliki.

Ruwa mai laka a bar shi ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama. Ruwan da ke barin jan tabo a baho yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma zuba masa bilic irin su Hypo ko Jik ƙara fito da tsatsar yake yi, farar tufa ta koma rawaya. Kanwa da ruwan toka suna fitar da maiƙo daga tsummokaran girki, amma sun yi wa siliki da roba ƙarfi. Sitati kuma babu abin da ya haɗa shi da kayan ciki.

Masu zuba Dettol ko Izal a ruwan ɗauraya su sani cewa abin da ya saura a tufar yana iya ƙona fata mai taushi. Haka ma ruwan ƙamshi mai tausasa tufafi, wanda ke lulluɓe zare ya hana shi tsotse gumi. Wanki mai kyau, ɗauraya mai yawa da bushewa sosai sun wadatar.

Yadda ake wankin

A ware kayan ciki daga sauran wanki, da bokitinsu ko robarsu daban, kada a haɗa su da safa ko tsumman goge-goge. A raba farare da masu launi. A narkar da sabulu a ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kafin a sa tufa, a jiƙa na minti 10 zuwa 15. Barin kaya su kwana a ruwan sabulu yana raunana roba, yana kuma kawo wari.

Kamfan auduga ana iya cuɗa shi sosai, musamman tsakiyarsa, kuma yana jure ruwa mai zafin digiri 60 idan ana fama da ƙaiƙayi a gida. Leshi da siliki da nailan kuwa lallaɓa su ake yi tsakanin tafukan hannu, ba a sa musu buroshi, ba a dirza su a kan dutse ko siminti. Rigar nono a ɗaura maƙallanta kafin wanki don kada su kama leshi su yage shi, a mai da hankali ga maɗaurin ƙasa da gefen hammata inda gumi ke taruwa. Idan mai soso ce ko mai ƙarfe, kada a murɗe ta. Murɗa ce ke karya soso, ita ce kuma ke sa ƙarfen ya huda yadi ya soki ƙirji. A ɗauraye sau biyu ko uku har ruwa ya fita garau, a shimfiɗa tufar a cikin tawul a danna ya tsotse ruwan.

Mai injin wanki ya sa kayan a 'yar jakar raga, ya zaɓi wanki mafi sauƙi da ruwan sanyi. Kamfai da singileti sawa ɗaya wanki ɗaya ne. Rigar nono tana iya yin sawa biyu ko uku da hunturu, amma da bazara, lokacin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wankin kullum ya fi. Ma'aikaciyar da ke wuni a ofis ko 'yar kasuwar da ke wuni a rumfa ta mallaki aƙalla uku tana juyawa, domin roba na buƙatar hutun kwana guda kafin ta koma daidai.

Tabon jini da hukuncin tsarki

Jini da ruwan sanyi ake wanke shi. Ruwan zafi dafa shi yake yi, ya kama zare ya zama tabon dindindin. A fara zuba ruwan sanyi ta bayan tabon tun yana ɗanye, a goga sabulu a murza a hankali. Idan ya bushe, a jiƙa shi a ruwan sanyi da ɗan gishiri kafin wanki.

Wannan ya dace da abin da ake karantarwa a makarantun Islamiyya. A hadisin Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an umarci mace da ta kankare jinin haila daga tufa, ta murza da ruwa, ta ɗauraye, sannan ta yi salla da ita. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda ake bi a wannan ƙasa, hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa tsantsa wanda wani abu bai sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. Ke nan ruwan kumfa ba ya kammala tsarki, sai an bi da ɗauraya ta ruwa zalla. Malamai sun yi rangwame a kan launin da ya ƙi fita bayan an yi iya ƙoƙari, don haka babu dalilin ƙona tufa da bilic saboda ɗan tabon da ya rage.

Shanya, inda aka fi yin kuskure

A gidan yawa, ko gidan haya, ko ɗakin kwanan ɗalibai irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, mace kan ji nauyin shanya kamfai a igiyar tsakar gida. Sai a rataye shi a ƙusar bayi, ko a bayan ƙofa, ko a lulluɓe shi da zani. A nan ne yake kwana da danshi, wani lokaci a sa shi bai gama bushewa ba. Ɗumi da laima su ne abin da ƙwayoyin fumfuna ke so, irin masu kawo ƙaiƙayin gaba ga mata da ƙaiƙayin matsematsi ga maza. Mafita ita ce a ɗaura wata 'yar igiya a sashen mata ko bayan ɗaki, inda iska ke ratsawa kuma idon baƙo ba ya kaiwa.

Auduga tana son rana, rana kuma tana taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Leshi da nailan da duk mai roba da yawa inuwa mai iska suke so, domin rana mai ƙarfi tana gasa roba ta koɗar da launi. Rigar nono a rataye ta daga tsakiya ko a shimfiɗe ta, kada a rataye ta da igiyoyin kafaɗa, nauyin ruwa zai ja su.

Kowane lokaci da nasa hali. Da bazara kaya kan bushe cikin sa'a guda, sai a kwashe da wuri kada su wuni a rana. Da damina, musamman a watan Agusta, a yi wanki da safe, kuma a taɓa ƙugu da soso a tabbatar sun bushe kafin a ninke. Da hunturu bushewa ba ta da wuya, ƙura ce matsala, don haka a shanya a rumfa ko ɗaki mai taga, a kakkaɓe kafin a ajiye.

Kada a shanya kayan ciki a ƙasa ko a kan yashi. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka masu zafi da ke yin ƙwai a damshin tufa ko a ƙasar da fitsari ya taɓa, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan. Saboda haka kayan auduga, musamman na yara, a goge su, a kauce wa wurin roba. Dutsen guga na gawayi kuwa narkar da nailan yake yi nan take.

Ajiya da turare

A ajiye kayan ciki a aljihun durowa ko jakar yadi, ba a leda ba, domin leda tana riƙe laima. Rigunan nono masu soso a jera su ɗaya cikin ɗaya, kada a lanƙwasa. Turaren wuta a kan kabbasa al'ada ce mai kyau ga zannuwa da mayafai, amma zafin garwashi yana kashe roba, humra da turaren fesawa kuma suna iya kawo ƙaiƙayi idan suka taɓa tsakiyar kamfai. Ƙwallayen kafur da ake sawa a akwati a nisanta su da kayan ciki da kayan jarirai, domin likitoci sun tabbatar suna iya fasa jini su jawo shawara ga jariran da aka haifa da wani raunin jini na gado wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Sabo da gwanjo

Sabon kaya ma sai an wanke kafin a sa, saboda ragowar rini da ƙurar kasuwa da hannayen masu tayawa. Gwanjo kuwa maganarsa ta fi nauyi. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, ko da yake kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano cike suke da su, kuma ƙasar Gana ta fara aiwatar da haramcin sayar da kayan cikin gwanjo a 2011. Abin da ya fi shi ne a bar kamfan gwanjo gaba ɗaya. Wadda ta sayi rigar nono ta gwanjo ta ɗaure ta a leda na mako guda, abin da ke kashe ƙwaron ƙazuwa, sannan ta wanke sau biyu ta busar sarai.

Masu shaguna su ma suna da rabonsu. Kayan da aka rataye a bakin rumfa suna shan rana da ƙura makonni sun fara mutuwa tun kafin a saye su. A baje samfuri ɗaya, a bar sauran a cikin kwali a inuwa, kuma a fara sayar da tsohon sari kafin sabo.

Kayan ciki suna da ƙarshe. Idan ƙugu ya saki, ko ƙarfe ya fito, ko wari ya ƙi fita bayan wanki, lokacin sauyawa ya yi. Kuma ba a aron su, ko tsakanin 'yan uwa na ciki ɗaya. Ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari da ya ƙi tafiya bayan an gyara wanki da shanya kuwa ya wuce maganin sabulu, sai a nufi asibiti a ga likita.