Fararen Hanyoyin Toskana: Yadda Keke Ya Hana A Zuba Wa Burji Kwalta

Yau zan ɗauke ku mu tafi ƙasar Italiya, amma ba Roma za mu je ba, ƙauye za mu shiga.

Bari in fara da tambaya. Kun taɓa jin garin da aka zo za a zuba musu kwalta, wasu 'yan garin suka ce a'a, a bar musu burjinsu? Ni dai ranar da na fara jin labarin dariya na yi. A inda na tashi, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, abu na farko da ake roƙonsa shi ne titi. To amma abin ya faru, kuma keke ne ya ja gaba.

Wurin da nake magana sunansa Toskana, a tsakiyar Italiya. Tsakanin birnin Florence da birnin Siyena akwai yankin da ake kira Kiyanti, ƙasa ce ta tuddai, daga ka hau wannan sai ka gangara ka hau wancan, ko'ina gonakin inabi da zaitun. Hanyoyin da suka ratsa tuddan nan su ake kira strade bianche, wato fararen hanyoyi. Burji ne kamar namu, sai dai namu ja ne, nasu kuma fari ne saboda tsakuwar farar ƙasa da aka shimfiɗa. Da rani ƙura ta tashi fari fat, in ruwa ya sauka kuma ta koma taɓo mai santsi.

Wa ya yi hanyoyin nan? Talakawa manoma. Shekaru ɗaruruwa ana noma a Toskana bisa wani tsari da suke kira mezzadria. Mai ƙasa ya ba ka gona da gida, kai da iyalinka ku yi aikin, in kaka ta yi a raba amfanin gida biyu, rabi nasa rabi naku. Saboda kowane iyali a tsakiyar gonarsa yake zaune, sai gidaje suka warwatsu a kan tuddai, kowane gida kuma yana bukatar hanyar da amalanken shanu zai bi ya kai hatsi da inabi gidan mai ƙasa, ya kai kasuwa. Haka hanyoyin suka yi ta rassa kamar jijiyoyi.

Da keke ya shigo, shi ne ya zama abin hawan talaka, kuma a irin waɗannan hanyoyi manyan 'yan tseren Italiya suka goge. Babban misali shi ne Gino Bartali, ɗan wani ƙauye kusa da Florence, an haife shi a 1914. Ya ci gasar zagaye Faransa a 1938, ya sake cinye ta a 1948. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutumin nan yakan fita kamar atisaye yake yi, alhali ya ɓoye takardun shaida na jabu a cikin bututun ƙarfen kekensa, yana kai wa masu ɓoye Yahudawan da ake farauta. Ya rasu a 2000, kuma bai cika son a yi zancen ba har ya bar duniya. Ku riƙe sunansa, zai sake yi mana amfani.

Bayan yaƙi sai Italiya ta canja da sauri. Masana'antu suka buɗe, babur ɗin Vespa ya fito a 1946, ƙaramar motar Fiat 500 ta fito a 1957, babban titin da ya haɗa Milan da Naples aka kammala shi a 1964. A shekarar 1964 ɗin ce kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noman raba biyu. Matasa suka kwashe kayansu suka nufi birane neman aikin albashi, gidajen gona suka zama kufai. To kun ji sirrin farko. Yawancin hanyoyin da suka tsira daga kwalta, sun tsira ne don babu wanda ya rage a bakinsu da zai yi kukan a gyara. Ga wanda ya gudu birni, farar ƙurar nan tambarin talauci ce, ko tuna ta ba ya son yi.

Daga baya sai Kiyanti ta farfaɗo. Baƙi, musamman Turawan Ingila, suka riƙa sayen tsofaffin gidajen gona suna gyarawa, masu yawon buɗe ido suka yawaita, motoci suka ƙaru. Ina mota ta ƙaru, ai kun san maganar kwalta za ta taso. Sannu a hankali fararen hanyoyi suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne wani mutumin garin Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ya shigo labarin. Shi mai son keke ne, mai son zamanin su Bartali. A 1997 ya shirya wani hawan keke ya sa masa suna L'Eroica, ma'ana ta jarumai. Mutum 92 ne suka fito a karon farko. Dabararsa mai sauƙi ce: in mutane suka ɗanɗana daɗin hanyoyin nan, su da kansu za su tsaya musu.

Ku ji yadda ake yin sa. Farkon watan Oktoba ake haɗuwa a Gaiole. Sai da tsohon keke ake shiga, ƙirar 1987 ko kafin nan, mai jikin ƙarfe, wanda hannun canja giyarsa yake ƙasa a jikin bututu, fedarsa kuma da maɗaurin ƙafa. Mutane su sa rigunan ulu irin na da. Masu doguwar hanya, mai kilomita 209, tun duhun asuba suke tashi, su hau tudun gidan sarautar Brolio an jera musu kyandirori a gefen hanya. A wuraren hutawa kuwa miyar wake da burodi irin ta manoman yankin ake zuba musu. Ba a damu da wanda ya zo na ɗaya ba, burin kowa ya kai ƙarshe da ƙafarsa da tayarsa.

Yanzu dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, an kuma kwaikwayi taron a Japan da Amurka da Afirka ta Kudu. An kafa wa hanyar alamomi na dindindin, ko yaushe ka je a shekara za ka iya bin ta. Ba wai an hana mota shiga ba ne, a'a, motocin ne ba su da yawa, don mai sauri ba ya son burji. Abin da za ka fi ji shi ne ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya da numfashinka.

Daga nan sai ƙwararru suka biyo baya. A 2007 aka fara gasar da yanzu ake kira Strade Bianche, wadda ake ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na Siyena bayan wani hawa mai tsananin tsayi a cikin tsohon gari. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci sau uku, 2008 da 2012 da 2016, har aka sa sunansa a wani yanki na hanyar, Monte Sante Marie. An fara ta mata a 2015. A 2024 Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya ya tsere wa kowa saura kilomita kusan 80, ya ƙarasa shi kaɗai. Duniya ta kalli ƙurar nan a talabijin, kuma daga ranar da hanya ta fara cika otal da gidan abinci, magajin gari zai yi tunani sau biyu kafin ya turo motar kwalta.

To ina darasin? Zan faɗi nawa, ku ma ku faɗi naku. Kada wani ya ce na zo ina yabon burji ne. Na ga an ɗauko mai naƙuda a bayan babur da damina, hanya ta cije. Wanda ya ga wannan ba zai ce a bar ƙauye babu titi don baƙi su ji daɗin hoto ba. Mutanen Kiyanti sun samu damar zaɓe ne saboda manyan hanyoyinsu na zuwa asibiti da kasuwa sun riga sun sha kwalta. Mai ƙoshi ne yake zaɓen tuwo.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Abin da jikokin manoman nan suke jin kunyarsa, shi ne yau yake ciyar da wasunsu, kuma da an rufe shi gaba ɗaya, da babu mai dawo da shi. Na tuna tsohon keken Raleigh na kakana, wanda ya yi shekaru yana kai shi kasuwa. Da ya rasu, mu da kanmu muka sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Yau da zan same shi, da na biya ninkin ba ninkin.

Ku faɗa min, a garinku mene ne ake shirin rushewa ko zubarwa da sunan ci gaba, wanda kuke ganin wata rana za a neme shi ido rufe?