Tarihin Gidajen Abincin Gaggawa da Yadda Ƙiba Ta Biyo Sawunsu

Idan ana nufin abincin gaggawa shi ne wanda mutum zai miƙa kuɗi a miƙo masa nan take, ba sai ya jira an ɗora tukunya ba, to Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun kaka da kakanni akwai mai tsire a bakin kasuwa, akwai mai ƙosai da mai waina a ƙofar gida, ga 'yan tallan ɗanwake da fura. Amma ba mu taɓa jin an ce waɗannan sun jefa wata al'umma cikin cutar ƙiba ba. To, me ya sa gidajen abincin da suka taso daga Amurka, irin su McDonald's da KFC, ake ɗora musu wannan laifi? Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, ba saurin abincin ne matsala ba. Matsalar tana cikin lissafin cinikin, watau yadda aka mai da kicin masana'anta, kayan haɗi suka yi araha ƙwarai, har ya zama ribar mai gidan abinci ta dogara ga yawan abin da ya iya ɗura wa mai saye.

Asalin abin

A farkon ƙarni na 20 mutanen Amurka ba su yarda da niƙaƙƙen nama ba. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya fitar da littafi mai suna The Jungle inda ya tona irin ƙazantar da ake yi a mayankan birnin Chicago, abin da ya sa mutane da yawa suka riƙa ƙyamar duk naman da ba su ga yankansa ba. Saboda haka da Billy Ingram da Walter Anderson suka buɗe gidan White Castle a garin Wichita a 1921, sai suka shafe ginin da farin fenti, suka sa ma'aikata fararen kaya, suka kuma riƙa soya naman a gaban mai saye. Abin da suke sayarwa shi ne hambaga, watau ɗan burodi da aka tsaga biyu aka cusa masa soyayyen niƙaƙƙen nama, kowane ɗaya senti 5.

Amma waɗanda suka juya sana'ar gaba ɗaya su ne wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald. Sun buɗe gidan abincinsu a San Bernardino ta jihar Kalifoniya a 1940, ciniki kuma yana tafiya, sai a 1948 suka rufe shi na wajen wata uku suka sake masa tsari. Suka sallami 'yan matan da ke kai wa mutane abinci cikin mota. Suka watsar da faranti da cokali, aka koma takarda, don kada a biya mai wanke-wanke. Irin abincin da suke sayarwa suka rage shi daga 25 zuwa 9. Sa'an nan suka rarraba aikin: wannan soya nama kawai ya sani, wancan sa albasa, wani kuma naɗewa. Mai karatu zai gane cewa wannan ita ce dabarar da Henry Ford ya shigo da ita wajen haɗa motoci a 1913. Amfaninta ga mai gida shi ne ba ya bukatar gwanin kuku; kowane yaro za a iya koya masa aikin a yini guda, a biya shi kaɗan, in ya tafi a ɗauki wani. Da haka suka iya sayar da hambaga senti 15.

A 1954 wani ɗan tallan injin kaɗa madara, Ray Kroc, mai shekara 52, ya yi mamakin abin da zai sa ƙaramin gidan abinci guda ya sayi injinansa har 8, sai ya tafi ya gane wa idonsa. Ya tarar da layi har waje. Ya nemi 'yan'uwan su ba shi izinin bayar da hayar sunansu da tsarinsu ga wasu, ya buɗe reshensa na farko a Des Plaines kusa da Chicago a 1955, a 1961 kuwa ya saye kamfanin ɗungum a kan dala miliyan 2.7. Wannan hayar suna ita ce ƙafar da sana'ar ta yi tafiya da ita: mai kuɗi ya gina shago da jarinsa, ya yi aiki da sunan kamfani da ƙa'idojinsa, ya riƙa biyan kamfani wani kaso na ciniki. Harland Sanders ma ta haka ya yaɗa soyayyar kazarsa ta KFC tun daga 1952. Gwamnati kuma ta share musu hanya ba da niyya ba, domin a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tituna mil 41,000 da suka ratsa ƙasar, jama'a suka koma zama a bayan gari, kowa da motarsa, gidajen abincin suka jeru a bakin titi suna jira.

Masara da babban kofi

Abin lura a nan shi ne, har zuwa wannan lokaci ba a ga ƙiba ta yi wani tashi ba. Yadda likitoci ke auna ta shi ne a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. In amsar ta kai 30, an shiga ƙibar da ake ɗauka cuta. Alal misali, mai tsawon mita 1.7 ya shiga wannan sahu da zarar ya kai kilo 87. A binciken gwamnatin Amurka na 1960 zuwa 1962, kusan kashi 13 cikin ɗari na manya ne ke cikin sahun. A na 1976 zuwa 1980 abin bai wuce kashi 15 ba. Amma zuwa shekarar 2000 ya haura kashi 30, a 2017 zuwa 2018 kuwa ya kai kashi 42. Ruwa ba ya tsami banza. Jinin mutane bai sauya ba cikin shekara ashirin, kuma da wuya a ce kwaɗayi ne ya sauko wa ƙasa guda a dare ɗaya. Tilas a nemi abin da ya sauya a waje.

Abu na farko ya faru ne a gona. Earl Butz, wanda ya riƙe ma'aikatar gona ta Amurka daga 1971 zuwa 1976, ya matsa wa manoma su nome kowane taƙi na ƙasarsu, tsarin tallafin gwamnati kuma ya koma yana ƙarfafa yawan amfani. Masara da waken soya suka yi yawa har suka rasa masaya. Da masarar aka riƙa kiwata shanu da kaji, daga waken aka tatsi man suya. Bugu da ƙari, masana a Japan sun riga sun gano hanyar mai da garin masara ruwan zaƙi wanda ya fi sukarin rake araha a kasuwar Amurka, a 1984 kuwa kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka koma zuba shi a lemonsu na can. Ke nan nama, da mai, da zaƙi, duk abubuwa ukun da gidan abincin gaggawa ke tsaye a kansu, sun faɗi warwas a farashi.

Abu na biyu shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna yadda ɗan kasuwa ke karantar zuciyar mutum. Akwai wani David Wallerstein da ya yi aiki a gidajen silima na Chicago kafin ya shiga hukumar gudanarwar McDonald's. A silima ya lura cewa mutum ba ya son komawa ya sayi guggurun masara karo na biyu, ko da bai ƙoshi ba, saboda kunyar kada a ce masa aci. Amma in aka ba shi babban ƙunshi guda, zai saya ya cinye ba tare da wata kunya ba. Kroc ya yi ta gardama da shi, yana cewa mai son ƙari ai sai ya sayi biyu, daga baya ya sallama, aka fito da babban ƙunshin soyayyen dankali a farkon shekarun 1970. A duba lissafin. Kuɗin haya da albashi da wuta ba su ƙaru ba don an ƙara girman kofi. Abin da ya ƙaru ɗan dankali ne da ruwan zaƙi, su kuwa kusan kyauta ne. Duk senti 20 ko 30 da aka ɗora a kan babban ƙunshi, mafi yawansa riba ce tsagwaro, shi kuma mai saye yana ganin ya ci banza. Kofin lemo na McDonald's a 1955 kimanin mililita 200 ne kawai. Zuwa shekarun 1990 suna sayar da wanda ya ɗara lita guda. Yara ma ba a bar su a baya ba, domin a 1979 aka fito da ƙunshin Happy Meal mai ɗauke da ɗan abin wasa a ciki.

Ƙiba kuwa ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana jawo ciwon sukari irin na manya, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa, har da wasu nau'o'in ciwon daji. Da abin ya yi ƙamari sai aka fara nuna wa kamfanonin yatsa. A 2002 aka kai McDonald's ƙara a New York da sunan wasu 'yan mata masu fama da ƙiba, alƙali ya kori ƙarar a 2003. A 2004 Morgan Spurlock ya fitar da fim ɗin Super Size Me, inda ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai abincin kamfanin, ya ƙara wajen kilo 11. Fim ɗin ya yi tashe, a shekarar kuma kamfanin ya janye ƙunshinsa mafi girma, ko da yake ya ce ba don fim ɗin ba ne. Sai dai ɗalibi kada ya kafa hujja da shi, don mutum guda ba bincike ba ne, balle a 2017 Spurlock da kansa ya bayyana cewa ya daɗe yana fama da shan giya. Hujja mai ƙarfi tana cikin mujallar likitoci ta Lancet ta 2005, inda aka bi matasa kimanin 3,000 har shekara 15, aka tarar masu zuwa irin waɗannan gidaje fiye da sau biyu a mako sun ɗara masu zuwa jefi-jefi da kilo 4.5. A 2019 kuma Kevin Hall ya tsare mutum 20 a asibitin bincike, ya ba su abincin masana'anta mako biyu, abincin da ba a sarrafa ba mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 kowace rana. Gaskiya ne mota da talbijin da aikin zama a ofis suna da nasu kason laifin, amma a ganina wannan gwaji ya raunana maganar masu cewa rashin kamun kai ne kurum.

Tsallaka teku

McDonald's ya shiga Japan a 1971, KFC ya buɗe a Beijing a 1987, ranar 31 ga Janairu 1990 kuwa mutum wajen 30,000 suka yi layi cikin sanyi a Mosko ranar buɗe reshen farko a Tarayyar Sobiyet. Shekara bakwai bayan haka, a 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙiba a matsayin annobar duniya. A ƙididdigarta ta 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana fama da ita, watau fiye da mutum biliyan guda.

A Nijeriya 'yan gida ne suka fara. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Marina ta Ikko a 1986, Tantalizers ya biyo baya a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC kuwa sai a 2009 ya iso. Amma abin ya zo mana a juye. A Amurka wannan abinci ya fi yawa a unguwannin talakawa, ƙiba ma a can ta fi kama marasa hali. A nan kuwa wurin masu hali ne, wurin da saurayi ke kai budurwa don ta san ya isa, uba kuma ya kai yara ranar sallah. Ya kuma tarar da al'ummar da ta daɗe tana ɗaukar ƙiba alamar hutu. Wanda ya yi tumbi sai a ce ya samu wuri, amaryar da ba ta yi ƙiba ba bayan 'yan watanni sai a fara tambayar ko lafiya. Wannan fahimta tana da dalili a zamanin da yunwa ce abin tsoro, kuma yunwar ba ta tafi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a arewa maso yamma ma abin ya kai kashi 57. Asibiti guda ke nan zai riƙa karɓar yaro mai tamowa da safe, da rana ya karɓi mai ciwon sukarin da za a yanke wa ƙafa.

Ni dai ban ga alamar gidajen kaji masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki su ne za su fi yi mana illa ba, domin tsadarsu ta tsare yawancin mutane, har da ɗalibai. Lissafin nan na araha da zaƙi ya shigo ta ƙaramar ƙofa: teburin mai shayi da taliyar Indomie da ƙwai, da burodi mai sukari, da lemon roba da ake rabawa a kowane biki da walima. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kimanin ƙaramin cokali 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. Meziko ta ɗora harajin peso guda a kowace litar lemo a 2014, Birtaniya ta kawo nata a 2018, kamfanoni da yawa a can suka rage sukarin da suke zubawa don su kauce wa biya. Nijeriya ta bi sahu a dokar kuɗi ta 2021, inda ta yanka naira 10 a kowace lita, watau naira 5 a kan robar rabin lita.