Death: 'Yan'uwa uku na Detroit da faifan da ya jira shekara 34

A shekarar 1976 wasu samari uku, uwa ɗaya uba ɗaya, a birnin Detroit na Amurka, suka buga faifan garmaho kwafi 500 da kuɗin aljihunsu. Waƙa biyu ce a kai: "Politicians in My Eyes" a fuska ɗaya, "Keep on Knocking" a ɗaya fuskar. Babu kamfanin da ya tsaya musu, don haka suka ƙago nasu tambarin, Tryangle, suka riƙa bin gidajen rediyo da faifan a hannu. Kaɗan ne suka saka shi. Da mai gabatar da shiri ya duba sunan rukunin sai jikinsa ya yi sanyi, domin sunan Death ne, wato Mutuwa.

David Hackney ne babba a cikin ukun, shi ke kaɗa jita kuma shi ne jagora. Dannis na kan ganguna. Bobby, ƙaraminsu, shi ke rera waƙa yana riƙe da jita mai babbar murya. Baƙaƙen fata ne 'yan gabashin Detroit, mahaifinsu mai wa'azi ne a cocin Baptist, kuma shi da kansa ya zaunar da su gaban talabijin a 1964 don su ga The Beatles a shirin Ed Sullivan. A 1971 suka kafa rukuninsu da sunan Rock Fire Funk Express, suna kiɗan rawa irin wanda ake sa ran ji daga saurayi baƙar fata a garin da ya haifi kamfanin Motown, gidan su The Temptations da The Supremes da Stevie Wonder.

Kallon wasan The Who da na Alice Cooper ne ya juya musu kai zuwa kiɗan rok mai sauri da ƙara. A wani ɗaki na saman bene suke atisaye, maƙwabta suna ta ƙorafi. Mahaifiyarsu ta yanke hukunci irin na uwa: daga ƙarfe uku na yamma zuwa shida su buga abin da suka ga dama, da shida ta cika a kashe komai. Samarin unguwa kuwa suna yi musu kallon waɗanda suka ari kiɗan Turawa, alhali Chuck Berry da Little Richard, da suka aza harsashin kiɗan, baƙaƙe ne.

Sunan ya samo asali ne daga rashi. Wani direba da ya sha giya ya yi sanadin mutuwar mahaifinsu a hatsarin mota, abin ya tsaya wa David a rai. Shi a wurinsa mutuwa ƙofa ce da kowa zai bi ta cikinta, ba abin da za a riƙa ɓoye sunansa ba. Ƙannensa ba su so sunan ba, amma tarbiyyar gidansu ita ce ɗan'uwa ya tsaya wa ɗan'uwansa, sai suka bi shi.

Yadda suka sami wurin ɗaukar waƙa ma labari ne. Ƙannen sun ce David ya manna shafin littafin lambobin waya a bango, ya tsaya daga nesa ya jefa 'yar kibiya, ta soki sunan Groovesville, kamfanin Don Davis. A 1975 aka shigar da su situdiyon United Sound Systems da niyyar ɗaukar waƙa 12. Sun gama bakwai ke nan maganar ta kai kunnen Clive Davis, ɗaya daga cikin manyan masu faɗa a ji a harkar faifai a Amurka. Kamar yadda 'yan gidan suke bayarwa, ya yarda zai ɗauke su bisa sharaɗi guda: a sake suna. David ya ce a'a. Kuɗi ya tsaya, aiki ya tsaya, abin da ya rage musu shi ne ainihin kaset ɗin da aka ɗauki waƙoƙin a kai, wanda David ya karɓo ya riƙe.

Yau ana ba da wannan labari kamar jarumtaka, to amma a lokacin Bobby da Dannis ba su ji daɗi ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Samari ne marasa ko sisi, an buɗe musu ƙofa, wansu ya mayar ya rufe. Wanda ya ce David ya yi daidai, ya faɗa ne bayan ya san ƙarshen labarin.

A 1977 suka tattara suka koma Burlington a jihar Vermont. Can ma sunan ya biyo su: da suka manna takardun talla a gari, 'yan sanda suka zaci wata ƙungiyar 'yan daba ce ta sauka. Daga nan David ya haƙura. Suka koma The 4th Movement, suna rok mai saƙon addinin Kirista, suka fitar da faifai biyu a farkon shekarun 1980, su ma ba su yi kasuwa ba. A 1982 David ya koma Detroit. Bobby da Dannis suka zauna a Vermont, suka yi iyali, suka kafa rukunin rege mai suna Lambsbread, wanda da shi jama'ar yankin suka san su shekara da shekaru. 'Ya'yan Bobby sun taso suna ɗaukar ubansu mawaƙin rege ne kawai.

David ya rasu a 2000, ciwon dajin huhu ne ajalinsa. Kafin rasuwar ya danƙa wa Bobby kaset ɗin nan, ya ce ya adana domin wata rana duniya za ta zo nemansa. Bobby ya karɓa don girmama wansa, ya kai saman rufin gida ya ajiye.

Su kuwa kwafi 500 ɗin nan ba su ɓace ba. Sun yi ta yawo hannu zuwa hannu a wurin masu tara tsofaffin fayafai, har aka sayar da guda a eBay kan dala 800. A 2008 Julian, ɗan Bobby, da ke zaune a Kalifoniya, ya ji labarin wani tsohon faifai da ake sakawa a wuraren shagali. Da ya saurara sai ya ji muryar babansa. Ya bugo waya gida yana tuhumar uban: me ya sa ba a taɓa faɗa musu ba? Shi da 'yan'uwansa Bobby ƙarami da Urian suka kafa rukuni don rera waƙoƙin, suka sa masa Rough Francis, laƙabin da baffansu David ya yi amfani da shi a faifansa na ƙarshe. Aka sauko da kaset daga rufi. A watan Fabrairun 2009 kamfanin Drag City na Chicago ya fitar da waƙoƙin bakwai da sunan ...For the Whole World to See, wata guda bayan haka jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kansu.

A nan ne aka zo wurin da ya fi wuya. Jama'a na son ganin Death a dandali, amma mai jitar, wanda ya raɗa sunan kuma ya kafe a kansa, ba shi da rai. Bobby da Dannis sun yi ta jan ƙafa, don suna ganin ba daidai ba ne su girbi abin da wansu ya shuka bayan su ne suka so a yar da sunan. Da suka yanke shawara ba su je neman wani shahararren makaɗi ba. Bobbie Duncan suka ɗauko, mai jitar Lambsbread, wanda suka riga suka saba da hannunsa. Ya zauna ya koyi yadda David ke bugawa daga faifan. Wannan zaɓi, a ganina, shi ya hana dawowar zama kasuwanci da sunan mamaci. A 2012 aka fitar da fim ɗin tarihinsu, A Band Called Death, na Jeff Howlett da Mark Covino, sannan a 2015 suka fitar da sabon faifai, N.E.W., tare da Duncan.

Masu talla suna cewa Death ce ta ƙirƙiro kiɗan punk. Wannan zuzutawa ce. MC5 da The Stooges, su ma 'yan jihar Michigan da Detroit take ciki, sun fitar da fayafansu na farko tun 1969, kuma Ramones sun fara wasa a New York a 1974. Waƙar da ba a ji ba kuwa ba ta koya wa kowa komai. Abin da yake gaskiya ya ishe su: samari uku baƙaƙe, a ɗakin saman gidan mahaifiyarsu, sun isa ga wannan salo da ƙafarsu, shekara guda kafin faifan Ramones na farko, shekara biyu kafin kundin Sex Pistols na Ingila.

Mai son ya auna da kunnensa ya nemi waƙoƙin nan bakwai na 1975, duka ba su kai rabin awa ba. Ya fara da "Politicians in My Eyes", ya kasa kunne ga gangar Dannis.