Ɗalibai Biyu da Malamansu a Tarihin Maganin Ciwon Suga

Duk gidan da ke da mai ciwon suga ya san darajar allurar insulin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, matakai biyu mafi girma na samuwarta sun biyo ta hannun ɗalibai ne, waɗanda manyan likitoci masu bincike suka ɗora a kan hanya.

Na farko shi ne Paul Langerhans, ɗalibin likitanci a birnin Balin na Jamus. Malaminsa, Rudolf Virchow, ya ba shi gurbi a ɗakin bincikensa, ya horar da shi a kan duban naman jiki da madubin likita. A shekarar 1869, yana ɗan shekara 21, Langerhans ya yi nazarin fankiriyas, wato sashen jikin da ke kwance a bayan tumbi. Ya ga wasu ƙwayoyin halitta a dunƙule, tamkar tsibirai a tsakiyar ruwa. Bai gano aikinsu ba, amma ya siffanta su dalla-dalla. Sai a 1889 likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, suka ga ciwon suga ya kama shi. Daga nan masana suka fara zaton cewa tsibiran nan ne ke fitar da sinadarin da ke daidaita suga a jini.

Sanin haka bai hana mutuwa ba. A wancan zamani, yaron da ciwon ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma babu abin da likita ke iya yi sai rage masa abinci har ya rame.

A ƙarshen 1920 wani matashin likitan fiɗa, Frederick Banting, ya kai wa Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto a Kanada wata dabara ta tatso sinadarin. Macleod ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka, ya haɗa shi da ɗalibinsa Charles Best, ɗan shekara 22, wanda ya iya auna suga a jini. Suka fara aiki a watan Mayun 1921. Kafin ƙarshen Yuli, ruwan da suka tato ya sauke sugan wani kare. Macleod bai yarda a yi gaggawar shela ba: ya nace a maimaita gwajin, a kuma tabbatar ba wani dalili daban ne ya sauke sugan ba. Sannan ya shigo da James Collip, masanin sinadarai, don tace ruwan.

Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurar farko, ba ta yi wani tasiri ba. Ranar 23 ga watan aka sake da wadda Collip ya tace, sugan ya sauka, yaron ya farfaɗo. Ya ƙara shekara 13 a duniya.

Da aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya ji haushin barin sunan Best, ya raba kuɗinsa biyu da shi. Macleod ma ya raba nasa da Collip. Best ya kammala karatun likita a 1925, kuma a 1929 ya gaji kujerar Macleod. Gaba ta kai shi, gobarar Titi.

Wannan tarihi ya shafi kowane majinyaci. A asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, ɗalibi kan zo da takarda yana neman izinin yi maka tambayoyi ko ɗaukar jini don bincike. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan likitan da ke kula da aikin, da manufarsa, da yadda za a kare sirrinka. Haƙƙinka ne kuma ka ƙi, ba tare da an tauye maka magani ba. Idan bayanin ya gamsar da kai ka amince, ka sani da irin wannan horo aka samo allurar da ke raya miliyoyin mutane a yau.